Ƙurar da ke Ɓoye Taurari: Kundin Aikina daga Samaru

Litinin, 4 Nuwamba 2024

Yau Malam ya sa hannu a kan taken aikina na digiri na biyu, bayan sau uku yana mayar mini da shi. Zan riƙa rubuta abin da ya gudana a nan, don kaina da kuma ɗalibin Fiziks da zai biyo baya, ya ga inda na yi tuntuɓe.

Aikin a kan wasu galaksi ne, wato garken taurari irin wanda ranarmu take ciki, amma waɗanda ƙura ta lulluɓe. A cikinsu ana haifar taurari masu tsananin zafi, sai dai haskensu ba ya fitowa waje. Ƙurar da ke kewaye da su takan shanye shi, ta yi ɗumi, sannan ta amayar da shi a matsayin infared, hasken nan da ido ba ya gani amma fata tana jin sa. Duk wanda ya taɓa jingina da bangon ɗaki da daddare a watan Afrilu ya san abin da nake nufi: rana ta faɗi tuni, amma bango yana mayar da abin da ya sha. Idan infared ɗin galaksi ya kai ninki biliyan 100 na hasken ranarmu, masana na kiran ta LIRG. Idan ya kai ninki tiriliyan ɗaya, ULIRG ke nan.

Na so in amsa tambaya biyu: yadda yawansu ya sauya tun daga ƙuruciyar sararin samaniya zuwa yau, da kuma yadda zafin ƙurarsu ya sauya. Malam ya soke ta farko da jan biro. Ya ce, “Wannan an yi ta, kuma manya ne suka yi. Ka riƙe ta biyu, ita ce har yanzu ake jayayya a kai.” Na ce, “To, ranka ya daɗe.”

Laraba, 6 Nuwamba

Na sayi data ta naira 7,000. Na ɗora manhajojin lissafi, Python da astropy da TOPCAT, a laftof. Na sauko da jerin galaksi na kusa daga rumbun VizieR da ke Strasbourg a Faransa. Fayil ɗin ƙarami ne, ko waya za ta ɗauka.

Asabar, 9 Nuwamba

Jerin da na sauko ya samo asali ne daga IRAS, tauraron ɗan Adam da Amurka da Holan da Birtaniya suka harba a Janairun 1983. Wata goma kawai ya yi yana aiki kafin ruwan hiliyom da ke sanyaya shi ya ƙare, amma a wannan ɗan lokacin ya leƙa kusan dukkan sama a tsawon zangon haske huɗu: maikiron 12, 25, 60 da 100 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). A 2003 David Sanders da abokan aikinsa suka tace galaksi 629 da suka fi haske a maikiron 60, waɗanda suka haura janski 5.24 (janski ma'aunin ƙarfin hasken da ke iso mana ne). Su ne tubalina na farko.

Kafin in taɓa duka, na gwada lissafin a kan guda ɗaya da kowa ya san amsarta, Arp 220. Ita ce ULIRG mafi kusa da mu, tafiyar haske ta kimanin shekara miliyan 250. Na haɗa ma'aunai huɗun da ƙa'idar da Sanders da Mirabel suka bayar a 1996, na ninka da faɗin ƙwallon da nisanta ya zana, na raba da hasken rana. Da hannu na fara yi a takarda, sannan da kwamfuta. Duka biyun suka ba ni ninki tiriliyan ɗaya da rabi da ɗoriya. Daidai da abin da ke rubuce.

Na daɗe ina kallon lambar. Idan aka bi ma'aunin Kennicutt na 1998, wannan hasken na nufin Arp 220 tana mayar da iskar gas mai nauyin rana sama da 200 zuwa taurari a kowace shekara. Galaksinmu ba ta wuce ɗaya zuwa biyu ba. Kuma kusan duk wannan hidimar tana gudana ne a cibiyoyi biyu da tazararsu ba ta fi tafiyar haske ta shekara dubu da 'yan ɗarurruwa ba. A hoton da aka ɗauka da hasken da ido ke gani, ba za ka ce tana da wani abin a zo a gani ba.

Laraba, 13 Nuwamba

Gyaran takardun gwajin ɗaliban da nake koyarwa ya cinye mako. Ban buɗe laftof ba.

Litinin, 18 Nuwamba

Hunturu ya shigo. Da safe daga Hayin Dogo hazo ya rufe komai, rana ta fito fara fat kamar faifai. Na je gaida Inna a Tudun Wada, na same ta tana goge kwanukan jere. Ta tambaye ni abin da nake karantawa yanzu, na ce ƙura. Ta ajiye tsumman ta ce, “Wace irin ƙura kuma, ɗan nan? Wannan da muke fama da ita?” Na ce ta sama ce, wadda ke tsakanin taurari. Ta yi shiru, sannan ta ce, “Allah mai iko. Can ma akwai mai tayar da ita ke nan.”

Maganarta ta bi ni har gida, don tambaya ce ta gaske. Ƙurar hunturu mun san inda take tasowa, yawancinta daga kwarin Bodele ne a ƙasar Chadi, iskar arewa maso gabas ta kwaso mana. Ta sama kuwa taurari ne ke haifar da ita: tsofaffi da ke zubar da fatarsu a hankali, da manyan da ke tarwatsewa idan ajalinsu ya zo. Ƙwayoyinta na kabon ne da siliket, kuma yawancinsu ba su kai rabin maikiron ba. Ta fi kama da hayaƙin murhu fiye da ƙurar da ke kwanta a kan tebur. A galaksinmu nauyinta bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na gas ba. Amma wannan 'yar kaɗan ɗin, idan aka haɗa ta dukkan galaksi, ta shanye kusan rabin hasken da taurari suka taɓa fitarwa. Tauraron ɗan Adam COBE ne ya nuna haka a shekarun 1990, lokacin da aka gano shimfiɗar infared da ta game sama.

Asabar, 23 Nuwamba

Na gama lissafin duka 629. Kusan 200 sun kai matsayin LIRG, ashirin da 'yan kai kawai suka kai ULIRG. Na kwana biyu ina buɗe hotunansu ɗaya bayan ɗaya. Abin da na gani shi ne abin da aka rubuta tun 1988, amma gani ya kori ji: da wuya ka samu ULIRG ta kusa wadda ba karo ta yi ba. Ga wutsiyoyin taurari da aka janyo, ga cibiyoyi biyu suna shirin haɗewa, kamar a galaksin NGC 6240, wadda ta kusa kai ULIRG. Idan galaksi biyu masu gas suka yi karo, gas ɗin yakan rasa juyawarsa ya zubo tsakiya, ya cushe a wuri ɗaya, sai haihuwar taurari ta tashi kamar wutar daji.

Don auna zafin ƙurar na yi amfani da rabon hasken maikiron 60 da na 100. Arp 220 ta ba ni wajen 40 a ma'aunin zafi na kelbin, wato digiri 233 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos. A wannan fagen wannan ita ce ƙura mai zafi.

Litinin, 2 Disamba

Asara. Batirin laftof ɗina ya daɗe da rauni, na sani, na yi ta jan ƙafa. Daren Asabar ina tsakiyar adana aiki aka ɗauke wuta, na'urar ta mutu nan take. Da na kunna da safe, fayil ɗin da ke ɗauke da dukkan lambobin Python ɗina ya buɗe babu komai a ciki. Wanda na kwafa a filash na 10 ga Nuwamba ne. Aikin mako uku ya tafi: gyaran sunayen galaksi da suka zo sau biyu, da lissafin zafi, da 'yan bayanan da na rubuta a gefen kowane hoto. Waɗannan bayanan su suka fi yi mini ciwo, don lambobi kwamfuta za ta sake fitarwa, amma abin da idona ya lura da shi a hoto na 140 da ƙarfe ɗayan dare ba zai dawo yadda yake ba.

Maiɗakina ta ce in bar shi zuwa gobe. Ban bari ba, na zauna na rubuta a littafi duk matakan da zan iya tunawa kafin su gushe.

Alhamis, 5 Disamba

Sabon Gari. Sabon batiri naira 28,000, aikin hannu 2,000, kuɗin mota zuwa da dawowa 1,200. Mai gyaran ya ce ba na kamfanin ba ne amma zai riƙe awa uku. Daga yau komai nawa yana hawa Google Drive kafin in kwanta.

Talata, 10 Disamba

Na maido da abin da ya ɓace, kuma a karo na biyu lambobin sun fi tsafta. Yanzu sai galaksi na nesa.

Haske yana ɗaukar lokaci kafin ya iso, don haka kallon nesa kallon baya ne. Kuma da yake sararin samaniya yana faɗaɗa, hasken yana miƙewa a hanya. Lambar z ke nuna yawan miƙewar. A z = 1 muna ganin galaksi yadda take kimanin shekara biliyan 8 da suka wuce, a z = 2 kuma sama da biliyan 10, daga cikin biliyan 13.8 na shekarun sararin duka.

Bayanan nesa na madubin hangen sama na Herschel ne, wanda Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta harba a Mayun 2009, ya yi aiki har Afrilun 2013. Faɗin madubinsa mita 3.5. Filin da na zaɓa shi ne COSMOS, wani yanki na sama mai faɗin digiri biyu murabba'i. Matsalar Herschel ita ce dishi-dishi. A maikiron 500, ɗigo ɗaya a hotonsa ya kai faɗin daƙiƙar kusurwa 36, wato kashi ɗaya cikin ɗari na digiri, kuma a cikin wannan faɗin galaksi da dama na iya ɓuya, haskensu ya cakuɗe. Kamar ka hango fitilun Kwangila daga nesa cikin hazo, ba ka iya cewa wannan ta mai shayi ce, waccan ta mai nama. Shi ya sa na ɗauki jerin da Jin da abokansa suka fitar a 2018, inda suka yi amfani da hotunan madubin hangen sama na Spitzer na maikiron 24 da na madubin rediyo na VLA don rabe hasken, a ba kowace galaksi rabonta.

Saukar da shi ya katse sau huɗu. Sai da na bari dare ya raba. Data naira 5,000.

Asabar, 14 Disamba

Sakamakon farko ya nuna galaksi masu hasken rana ninki tiriliyan dubu, kuma ba ɗaya ba, ɗarurruwa. Na san ba zai yiwu ba. Kwana biyu na yi ina zargin lissafin nisa, na sauya ma'aunin Hubble, lambar da ke nuna saurin faɗaɗar sararin samaniya, na sake rubuta wancan sashen daga farko. Babu abin da ya canja. Yau da asuba bayan salla na buɗe takardar bayanin jerin na karanta layi-layi. IRAS da janski yake bayarwa, wannan kuma da milijanski. Ninki dubu cif. Layi ɗaya na gyara komai ya koma mazauninsa.

Daga yanzu kowace lamba da za ta shiga lissafina sai ta shiga da ma'auninta a manne. Astropy na da hanyar yin haka, kuma da na bi ta tun farko da kwamfutar da kanta ta tsayar da ni.

Talata, 17 Disamba

An yi hutun makaranta. Yanzu ina da safiya.

Asabar, 21 Disamba

Na fara ɗora lanƙwasar zafi, wato layin da ke nuna yawan hasken da ƙura ke fitarwa a kowane zango, a kan ma'aunan kowace galaksi, daga maikiron 100 zuwa 500. Ƙura mai ɗumin kelbin 30 zuwa 40 tana kai ƙololuwar haskenta ne a wajen maikiron 100. A z = 2 hasken ya miƙe ninki uku, don haka ƙololuwar takan iso mana a wajen 300. Idan mutum ya manta bai mayar da zangon inda ya fito ba, ƙurar kelbin 36 za ta bayyana a matsayin 12. Wannan karon na kiyaye.

Akwai wani abu a nan da tun ranar da na fahimce shi yake burge ni. A al'ada abu in ya yi nisa sai ya dushe. Amma idan ka kalli galaksi mai ƙura a maikiron 850, nisan da ke rage haskenta shi ne kuma yake turo ƙololuwarta zuwa zangon da kake kallo. Ɗaya na ragewa, ɗaya na ƙarawa, sai su kashe juna. Galaksin da ke z = 1 da irinta da ke z = 6 kusan haske ɗaya za su nuna. Da wannan ne na'urar SCUBA, a kan dutsen Mauna Kea na Hawai, ta bankaɗo tarin galaksi masu ƙura na nesa a 1997 da 1998, waɗanda da yawansu ko alamarsu ba a gani a hotunan haske na yau da kullum.

Asabar, 28 Disamba

Zane na farko ya fito. Na ware ULIRG kaɗai, na jera zafin ƙurarsu daga na kusa zuwa na nesa. Layin ya gangara sarai: na nesa sun fi sanyi da tazara mai yawa. Na tura wa Malam hoton ta WhatsApp da ƙarfe goman dare. Ya amsa da kalma uku: “Ka zo Litinin.” Ba wannan Litinin ɗin ba, ta sama, don ya yi tafiya.

Litinin, 6 Janairu 2025

Na shiga ofishin Malam da zanen a buge, naira 300. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya tambaye ni, “Na kusan nan, da wane zango aka zaɓo su?” Na ce maikiron 60. “Na nesan fa?” Na ce na ɗauki waɗanda Herschel ya gani da kyau a 250 da 350. Ya ajiye takardar ya ce, “To ka je kasuwar Sabon Gari da rariya mai manyan idanu, ka je ta Tudun Wada da mai ƙanana, sannan ka dawo ka ce mini garin Tudun Wada ya fi laushi.”

Nan take na gane, kuma jikina ya yi sanyi. Maikiron 60 yana gefen zafi na lanƙwasar. Galaksi biyu masu ƙarfin haske ɗaya, mai ƙura mai zafi za ta fi fitowa a 60, don haka jerin IRAS ya fi kwaso masu zafi. A maikiron 250 zuwa sama abin ya juya, masu sanyi ne ke da rinjaye, mai zafi tana iya faɗawa ƙasa da abin da na'urar ke iya gani ta ɓace daga jerin gaba ɗaya. Ko da a ce zafin ƙura bai taɓa sauyawa ba tun farkon halitta, hanyar da na bi za ta fitar da layi mai gangarawa.

Bai tsaya nan ba. Na kusa na auna su da ɗigo biyu, na nesa da huɗu ko biyar. Sannan ya nuna mini cewa a can nesa mafi haske kaɗai ake iya gani, don haka matsakaicin hasken ULIRG ɗina na z = 2 ya fi na kusa, alhali an san cewa galaksi in ta fi haske ƙurarta takan fi zafi. Wannan na ukun yana jan layin ne ta ɗaya ɓangaren. Abubuwa uku suna ja, ni kuma na ɗauki abin da ya fito na kira shi sakamako.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ke nan aikin wata biyu ya rushe.” Ya ce bai rushe ba, yanzu ne ya fara zama aiki. Ya ba ni takardu biyu in karanta tare. Ta Schreiber da abokansa ta 2018 ta nuna cewa matsakaicin zafin ƙura a galaksi masu haifar taurari yana ƙaruwa idan aka koma baya. Ta Drew da Casey ta 2022 ta ce idan aka kwatanta galaksi masu ƙarfin haske ɗaya, ba a ga sauyi ba daga z = 0 zuwa 2. Ya ce in gano ko saɓani suke yi da gaske, ko kuwa tambayoyi biyu daban suke amsawa.

Na fito na taka da ƙafa har bakin Babbar Ƙofa ban san na iso ba.

Laraba, 8 Janairu

An koma makaranta. Na karanta takarda ta farko sau biyu.

Laraba, 15 Janairu

Gyara biyu. Na farko, kusan dukkan LIRG da ULIRG na jerin IRAS an sake auna su da Herschel daga maikiron 70 zuwa 500, a ƙarƙashin shirin GOALS, an fitar da ma'aunan a 2017. Na sauko da su, yanzu na kusa da na nesa da lanƙwasa iri ɗaya nake auna su.

Na biyu shi ne wanda ya ci mini dare huɗu. Na ƙirƙiri galaksi na bogi dubu 50 a kwamfuta, na ba su zafi iri-iri wanda ba ya sauyawa da zamani, na watsa su a nisa daban-daban, sannan na tace su da rariyar Herschel don in ga waɗanda za su tsira. Layin ya gangara, alhali ni na san babu sauyin da na saka. Na ga ƙaryar da idona. Amfanin wannan shi ne yanzu na san, a kowane z, iyakar hasken da sama da shi mai zafi da mai sanyi duka suna shiga jeri. Duk abin da ke ƙasa da iyakar na zubar. Fiye da rabin galaksina sun tafi.

Laftof ya yi zafi har ya kashe kansa sau biyu, sai na mayar da lissafin kan Google Colab. Data naira 5,000.

Laraba, 22 Janairu

Wannan ba ya cikin aikin, amma zan rubuta. Na gwada wa 'yan aji biyar gwajin da William Herschel ya yi a 1800, wanda aka sa wa madubin sunansa. Gilashi mai kusurwa uku a bakin kwali, rana ta ratsa ta baje launuka, ma'aunin zafi ɗaya a kan shuɗi, ɗaya a gefen ja inda babu launin komai, ɗaya a inuwa. Ranar Litinin hazo ya hana, ma'aunan ba su motsa ba. Yau sama ta ɗan washe. Mun shafa wa kan ma'aunan baƙin tawada, muka jira minti goma. Na gefen ja ya fi sauran hawa. Wata yarinya a layin baya ta ce, “Malam, ai babu komai a wurin.” Na ce ta zo ta karanta da kanta. Ta karanta, ta sa yatsa a wurin, ta koma ta zauna ba ta ce komai ba. Bayan an tashi ta biyo ni tana tambayar ko akwai wani hasken a ɗaya gefen, bayan shuɗi.

Laraba, 29 Janairu

Wasu ɗigogi sun yi tsalle sama da kowa a zafi. Na bi su ɗaya-ɗaya. Yawancinsu suna da baƙin rami, wato dunƙule mai tsananin nauyi da ko haske ba ya kuɓuce masa, yana haɗiyar gas a tsakiyarsu, wanda ke gasa ƙurar da ke kusa da shi har ɗaruruwan kelbin. Irin su Markarian 231 ke nan a cikin na kusa. Wannan zafin ba na taurari ba ne, kuma yana ɗaga gefen gajeren zango na lanƙwasar. Na ware duk waɗanda aka gani a hoton eksre na madubin hangen sama na Chandra a filin COSMOS. Na san wasu za su zille, don ƙura da gas masu kauri suna iya tare eksre ɗin ma. Zan faɗi haka ƙarara a babi na uku.

Asabar, 8 Fabrairu

Sabon zane. Tazarar da ke tsakanin ULIRG na kusa da na nesa ta ragu ƙwarai, amma ba ta ɓace ba, na nesa sun ɗan fi sanyi. Sandunan kuskure, masu nuna rashin tabbas a kowane ɗigo, sun yi tsawo, kuma haka ya kamata su kasance.

Na koma ga takardun nan biyu, kuma a ganina ba faɗa suke yi ba kamar yadda na zata. A zamanin z = 2 sararin samaniya yana haifar taurari kusan ninki goma na yau. Madau da Dickinson sun sa ƙololuwar a wajen shekara biliyan 3.5 bayan farawar sararin samaniya. Galaksi ta yau da kullum a lokacin, gas ya kai kusan rabin nauyin abin da ke cikinta na gas da taurari, alhali a irin tamu ta yau ɗan kaɗan ne. Saboda haka galaksi babba a wancan zamanin ba ta buƙatar karo kafin ta kai hasken ULIRG. Tana iya kaiwa tana zaune lafiya, taurarin suna fitowa a faɗin faifanta duka. Ƙura da ta bazu a fili mai faɗi ba za ta yi zafin wadda aka cusa a ɗan lungu kamar ta Arp 220 ba. Garwashi ɗaya ne, amma ɗakin ya fi girma. Idan kuma ka ɗauki galaksi ta yau da kullum a kowane zamani, ta da ta fi ta yau haske nesa ba kusa ba, don haka matsakaicin zafi zai hau. Duka biyun suna iya zama gaskiya a lokaci guda.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sunan. Muna kiran Arp 220 ULIRG, muna kiran waccan ta shekara biliyan 10 ULIRG, don lamba ɗaya suka haura. Amma ta yau haɗari ne da ba kasafai yake faruwa ba, ta da kuwa rayuwa ce ta kullum. Binciken Spitzer na 2005 da Le Floc'h ya jagoranta ya nuna cewa a z = 1 LIRG da ULIRG a haɗe su ke fitar da kusan kashi 70 na dukkan infared ɗin da ake samu, alhali a yau kasonsu ɗan kaɗan ne. Ina so babi na biyar ya tsaya a kan wannan, in Malam ya yarda.

Litinin, 17 Fabrairu

Na gabatar da aikin a taron sashe. Minti ashirin, tambayoyi bakwai. Wata Dokta ta tambayi dalilin da ya sa na tsayar da lambar beta, wadda ke nuna yadda ƙura ke sakin haske, a 1.5 ga kowa, alhali ana samun ta har 2. Tambayar ta kama ni da kyau, domin beta da zafi suna cin juna a lissafi, in ka ɗaga ɗaya ɗayan sai ya sauka. Na ce zan sake lissafin da 1.8 da kuma 2 in nuna duka ukun. Malam ya gyaɗa kai daga inda yake zaune.

Abin da na kashe zuwa yau: data naira 29,000, batiri da gyara 30,000, buga takardu 6,500, zirga-zirga wajen 9,000, man janaretan maƙwabci da muka yi karo-karo a daren da na shirya jawabin 2,500.

Azumi ya rage ƙasa da mako biyu, kuma na san aikin dare zai ragu. Kafin a ga wata ina so in gama sake lissafin beta, in kuma duba galaksi nawa ne a jerina suke da ma'aunin ALMA, madubin nan na Chile mai faranti 66, domin ɗigo ɗaya a wajen maikiron 870 zai ɗaure wutsiyar lanƙwasar sosai. Babi na biyu zan rubuta shi bayan sahur, shafi ɗaya kowace rana. Malam yana son ganin babi na uku ranar 10 ga Maris.